Safar da Ta Sha Miya

"To ni na san ta tarihi ce? A ƙasan akwati na tsince ta, tana ta warin ruma!" in ji Hajiya Safura, ludayi a hannu.

Mijinta, Alhaji Mudathir, ya ɗaga safar hannun nan ta fata, gefe guda ya ƙone, babban yatsa ya sha manja. "Shekara uku kina sauke tukunya da ita? Safura, shekara uku?"

Wanda bai san Alhaji ba sai ya ɗauka tsoho ne kawai mai ban ruwan fulawa a gidan 'yarsa a garin Bowie, can ƙasar waje. Alhali a zamanin samartakarsa a Kaduna, shi ne mai tsugunawa bayan sanduna uku a wasan kurket, yana cafke duk ƙwallon da ta wuce mai bugu. Shekara goma sha huɗu yana wannan tsuguno. Yatsunsa har yau a karkace suke kamar citta. Ga shi yau ɗin nan ƙungiyar masu kurket ta unguwa za ta karrama shi, sun kuma ce lallai ya zo da safar, a saka ta a akwatin gilashi don tarihi. Dachung, tsohon mai jefa masa ƙwallo, ya taso tun daga Fort Washington, yana waje yana danna hon.

"Ba inda za ni," in ji Alhaji. "In kai musu wannan, su yi min dariya?"

Hajiya ta dubi ƙafafunsa. Wata biyu bawan Allahn nan yana goge takalmi saboda yau. Amma ita ba ta iya ban haƙuri ba.

"Alhaji, ba kai ka ce ɗanyen nama kuke shimfiɗawa a cikinta don kada ƙwallo ta fasa muku tafi ba?"

"Haka ake yi a lokacin!"

"To ashe tun can kayan girki ce. Ni miya kawai na ƙara."

Ya zura hannu a safar don ya nuna mata ɓarnar. Ita kuwa ta faki idonsa, ta ɗauki albasa ƙatuwa ta wurga ta gefensa, saitin kofunan shayin 'yarsu. Tsoho ɗan tamanin ya karkata, caraf! Albasa ta zauna a safa kamar an ajiye.

Ya dubi albasar, gemunsa na motsi, yana danne murmushi.

"Jifar banza," ya ce. "Dachung ko da zazzaɓi ya fi ki."

Ya gyara hula, ya nufi ƙofa da safar a hannu.

"Ka ce musu aro ce!" ta ɗaga murya. "Ina da tuwo kafin la'asar!"

Bai waiwayo ba. Ya fita da albasarta, ya bugo ƙofa garam.