Tulun Ƙasusuwan Makato

Kun gan ni, kada wani ya ce bai gan ni ba. Ranar bakwai ga watan bakwai ne, a cikin bas mai zuwa Koza, ina zaune da tulu naɗe cikin farin ƙyalle a kan cinyata. Babu ɗan tsibirin nan namu na Okinawa da bai san abin da ake naɗewa haka ba. Da wata ce ke riƙe da shi, da kun sunkuyar da kai, da tsofaffi sun cire hula. Amma kuka dubi tulun, kuka dubi baƙar fatata da murɗaɗɗen gashina, sai kowa ya tuna yana da abin kallo ta taga. To, tunda kun ƙi tambaya, ni zan faɗa muku. Uwata ce a ciki, kuma daga kabarin gidansu nake dawowa da ita.

Sunanta Makato, 'yar gidan Gushiken. Da yaƙin duniya na biyu ya ƙare, Amurkawa suka kewaye ƙauyensu da waya, gonaki da rijiya da kabarin zuri'a duk suka koma cikin sansanin soja. Yayanta, Kawu Seitoku, ya dawo daga fagen daga da shanyayyen hannu, ga mata, ga yara suna kukan yunwa. Inna ce ta ɗaura ɗankwali ta tafi wankin kayan sojoji. Naman gwangwanin da take ɓoyowa a cikin kwandon wanki shi ya rayar da gidan.

A can ta haɗu da Otis, sojan Amurka baƙar fata, direban babbar mota. Ya nemi izinin aurenta, manyansa suka ƙi, suka tura shi Koriya. Ya ce mata zai dawo kafin itatuwan deigo su sake jan fure. Sun yi furen, an haife ni, sun sake yi. Bai dawo ba, kuma bai mutu ba. Wani abokinsa ne ya gaya mata ya yi aure a garinsu. Shi kuwa Kawu, sai da aka cinye gwangwani na ƙarshe sannan ya lura maƙwabta suna magana. Ya nuna mana ƙofa, muka koma wani ɗaki a bayan mashayun Koza, inda na girma, na yi karatu, har na samu aikin buga takardu a ofishin sansanin.

Tari ne ya cinye Inna a bara. Ana gobe za ta cika, ta riƙe hannuna.

"Tomiko, ki kai ni kusa da tsohuwata. Kada ki sa ni a maƙabartar gari. Na gaji da zama cikin baƙi."

* * *

Kawu bai zo ƙona gawa ba. Sai da damina ta wuce na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa, na buɗe na gan shi tsaye da ƙunshin dankali a hannunsa mai lafiya.

"Tomiko! Kin girma. Kin yi kama da... kin dai girma."

"Shigo, Kawu. Ka yi hankali da kai, ƙofar talakawa ce."

Ya durƙusa gaban tulun, ya kunna turare, ya daɗe bai ɗago ba. Har na ji zuciyata ta fara yin laushi.

"An ce Amurkawa suna jin maganarki," in ji shi.

"Ni nake jin tasu, Kawu. Shi ne aikin."

Ya yi dariya har da tari. "Bakin uwarki sak! To saurara. Tun da aka mai da gefen kabarinmu ma'ajiyar harsasai, ba mu sa ƙafa ba. Ciyawa ta cinye kakanninki. Ki samo mana izinin shiga ranar bakwai ga watan bakwai, ranar da ake buɗe kabari ba tare da tsoron komai ba. Ni da wannan hannun zan ajiye Makato kusa da tsohuwa."

Kakanninki. Shekara ashirin da ɗaya ban taɓa jin wani ɗan Gushiken ya haɗa ni da kalmar nan ba.

Na yi ta bin hafsan da ke kula da ma'ajiyar, ofis zuwa ofis, kamar mai bara. Ranar da ya gaji da ni ya jefar da alƙalami ya ce, "Ku da matattunku! A garinmu in an binne mutum, an gama." Ya ba mu safiya guda.

* * *

Motar soja ta sauke mu a gindin tudun. Ni da Kawu da matarsa Iya Uto da babban ɗansu Masahide, wani ƙato mai faɗin kafaɗa. Ciyawa ta kai ƙugu. Muka sa lauje, ni ma na yi yanka har tafin hannuna ya tashi, ina jin daɗin zafin, don wannan aikin 'yan gida ne. A hankali kabarin ya bayyana, farin dutse mai ƙusumbi kamar bayan kunkuru, da 'yar ƙofa a ƙasa wadda sai da rarrafe ake shiga. Inna ta sha gaya mini cewa siffar cikin mace ce aka yi masa, don kowa ya koma ta inda ya fito.

Sai a lokacin na lura Iya Uto ma ta zo da tulu, ƙarami, a cikin kwandonta.

"Seikichi ne," in ji Kawu, ba tare da ya dube ni ba. "Autanmu. An ɗauke shi daga makaranta aka ba shi gurneti, ya mutu a duwatsun kudu, ba a ga ko yatsansa ba. Na je wurin na tsinto 'yan duwatsu, kamar yadda ake yi. Yana ta zuwar mini a mafarki, yana cewa ruwa na dukansa."

Na sunkuyar da kai. Na ji daɗi ma, Inna za ta shiga tare da ƙanenta.

Aka zuba giya a ƙasa, aka kunna turare. Masahide ya kankare farar ƙasar da aka liƙe ƙofar da ita, ya sa ƙarfe ya ja dutsen. Wata iska mai sanyi ta fito. Daga inda nake durƙushe ina hango tulunan kakanni jere a cikin duhu. Kawu ya rarrafa ciki da tulun duwatsun. Na kwance farin ƙyalle, na miƙa hannuwana biyu ina jira.

Ya fito yana kakkaɓe gwiwa. "Masahide, tura dutsen."

"Kawu, saura Inna."

Ya nuna wani ɗan kogo a jikin tudun, bayan katangar kabarin, inda ake ajiye jariran da suka mutu kafin su zama mutane. "Ga wurinta can. Ba nisa."

"Ka ce kusa da tsohuwa. Ka ce da hannunka."

"Na faɗa." Sai yanzu ya dube ni cikin ido. "Da ban faɗa ba, za ki samo izinin?"

Iya Uto ta matso, muryarta kamar mai lallashin yaro. "Haba 'yar nan, ba mu muka ƙirƙiro ba. Mace kabarin mijinta take shiga. In aka sa ta cikin na ubanta, ciwo ne zai bi jikokinmu ɗaya bayan ɗaya."

"Wane mijin, Iya?"

"To, wannan kuma sai ki tambayi Amurka."

"Naman da take kawowa bai sa muku ciwo ba?" Na juya ga Masahide. "Yaya, kafaɗun nan naka da me aka gina su? Da dankalin Kawu?"

Kunnuwansa suka yi ja. Ya sa kafaɗar ya tura dutsen, ya hau kwaɓa farar ƙasa.

Na je na leƙa kogon. Ruwa na ɗiga daga sama, ƙasa duk ɓawon katantanwa. Gaba kaɗan ga tarin harsasai an lulluɓe da tamfol. In na bar ta nan, sai na sake roƙon hafsa kafin in kawo mata ko ruwan shayi. Na mai da ƙyallen na ɗaure. Babu wanda ya hana ni. Ina jin Iya Uto tana sauke ajiyar zuciya.

A bakin ƙofar sansanin, mai gadi ya tsayar da ni. Doka ce, duk abin da zai fita sai an duba. Yaro ne, baƙi kamata, ko gemu bai fara ba. Ya ɗaga murfin da bakin yatsa yana taunar cingam, sai taunar ta tsaya.

"Wane ne?"

"Uwata."

Ya mai da murfin da hannu biyu, ya cire hular ƙarfensa. "Yi haƙuri, 'yar'uwa."

Duk ranar, shi kaɗai ya kira ni da sunan dangi. Ban gode masa ba. Tsayawa na yi ina kallonsa, ina tunanin wace yarinya ce a Koza yake yi wa alkawarin dawowa.

* * *

Yanzu tulun Inna yana kan kantar ɗakina, tsakanin tukunyar shinkafa da rediyo. Duk lokacin da manyan jiragen yaƙin nan suka tashi zuwa Biyetnam, murfin tulun yakan yi ta kakkarwa kamar haƙoran mai jin sanyi, sai na miƙe na dafe shi har su wuce.

Kowane mako kuna fita zanga-zanga, kuna ihun a cire waya a mai da mana ƙasarmu. Ni ma ina fita, muryata ta fi ta yawancinku. Amma wayar Amurka ta buɗe mini a ranar nan. Dutsen gidanmu ne bai buɗe ba.

Kada ku jira a cire waya. Yau ɗin nan, kowa ya je ya zauna gaban babban gidansu, ya tambaye shi sunan matar da ta ciyar da su a shekarun yunwa, da inda aka ajiye ƙasusuwanta. Idan ya yi shiru, ku ɗauki ƙarfe ku je ku ja dutsen da kanku.