Fatar Robar da Ta Yi Ƙauri

Shekara goma sha ɗaya ke nan rabon Corinne Halvorsen da nama, kuma babu wanda ya taɓa zama da ita na minti biyar a garin Duluth bai samu wannan labari ba. Sana'arta yanka fatar roba da injin lesa mai yanka da haske, tana fitar da 'yan kunne da jakunkuna. Jarinta na gaske shi ne sunan da ta yi: kayan Corinne babu jinin dabba a ciki.

Shi ya sa da gidan ceton dabbobi na bayan gari ya tashi yin biki, shugabarsa Lorna ta ba ta aikin mariƙin makulli ɗari uku. Kowanne zai fito da hoton Gladys, tsohuwar saniyar da suka ƙwato daga hannun mahauta, a ƙasa kuma a rubuta: Ba abinci ba ce.

Fatar ta samo ta da araha a shagon wani mai gyaran kujeru da ke shirin rufewa, baƙa, mai sheƙi, an rubuta roba a jikin ƙunshin. Rabin farko ta yanka shi makon jiya, mura ta toshe mata hanci, ita kaɗai a ɗakin injinan da masu sana'ar unguwa ke amfani da shi tare. Ta kai wa Lorna, aka yi ta rungume-rungume.

Ran Alhamis da hantsi ta dawo don sauran, hanci ya buɗe. Wendell, tsohon mai walda da ke kula da injinan, shi ma ya dawo daga kamun kifi.

"Tsaya, baiwar Allah," in ji shi. "Doka tana nan. Wata robar hayaƙinta guba ne, ya ci injin, ya ci huhuna, ni kuwa ɗaya da rabi ya rage min."

Ya gasa wayar jan ƙarfe, ya dangwala a fatar, ya mayar cikin wuta. Harshen wutar bai koma kore ba, alamar babu guba.

"Lafiya lau. Yanka abinki."

Ta danna maɓallin injin. Hasken ya fara zana kunnen Gladys. Kafin ya kai ga ido, wani ƙauri ya cika ɗakin, wanda Corinne ta sani tun tana yarinya a gonar kakanta.

"Wa ke babbaka a nan?" Wendell ya tambaya, yana shaƙa da jin daɗi.

Ya tsayar da injin, ya ɗauki guntun. Bakinsa bai narke kamar na roba ba, gawayi ya zama. Ya kankare bayan da wuƙa, ga zare-zare. Ya ɗiga ruwa, fatar ta shanye.

"Corinne, an cuce ki. An sayar miki da ta gaske, mai tsada ma."

"Ba na son wasa, Wendell."

"Ni da na ci garke guda a rayuwata, ba zan gane mutuniyata ba? Saniya ce."

Corinne ta zauna a kan kwandon shara ba tare da ta san ta zauna ba. Gladys ɗari da hamsin, kowacce a bayan wata 'yar'uwarta, suna shelar cewa ba abinci ba ne.

"Ni ban ji ƙaurin komai ba," in ji Wendell. "Tsufa. Ki ƙarasa, wa zai sani?"

Ta daɗe tana kallonsa. Shawarar ba ta da kyau, amma ta yi mata daɗi fiye da yadda take so. Sannan ta kira Lorna a waya.

"Ƙawata!" Lorna ta yi ihu. "Kowa sai yabo yake. An ce kamar ta gaske! Gladys ma ta lashi nawa."

"Ta gaske ce, Lorna."

Can nesa, a cikin wayar, akuya ta yi kuka.

"Ta... saniya?"

Wendell ya matso. "Ki ce mata mai yiwuwa sa ne."

Corinne ba ta faɗa ba.

"Ki kawo sauran duka," in ji Lorna a ƙarshe, murya ta bushe. "Har ɓarɓashin. A nan muna binne namu. Sunanki zan cire daga takardar biki, amma ki zo da shebur."