Idon Ragon Orozbek

Shekara da shekaru ina koyar da kemistiri da bayoloji a makarantar ƙauyenmu, can sama da garin At-Bashi, kuma da alli kawai nake yi. Ɗakin gwaji yana nan, amma kwalaben ciki sun bushe tun zamanin Sobiyet, rubutun jikinsu ma ya goge. Da safe in ce wa yara su ɗauka mun zuba wannan cikin wancan ya koma ja, da rana in ce su ɗauka mun tsaga kwaɗo. Ni kaina na gaji da jin muryata, balle su.

Ranar da na zana ido a allo, Kanishai ta ɗaga hannu. A ajin ƙarshe ita kaɗai ta rage mai yi mini tambaya.

"Malama, ke kin taɓa ganin cikinsa, ko ke ma zana miki aka yi?"

Abin ya sosa mini rai. Bakina ya riga hankalina, na ce ranar Litinin zan kawo ɗanyen idon rago mu tsaga. Tun a lokacin na san in na saɓa, ita ma ta daina tambaya ke nan.

Da walimar tsoho Orozbek na dogara, ta murnar jikansa ya fara takawa da ƙafarsa, za a yanka rago ranar Asabar. Na tari maƙwabcinmu Shailo, mai yankan, tun kafin a babbake kan, na roƙe shi ido ɗaya tak. Ya dube ni kamar nasa na ce ya ciro. Wai shi zai kai wa dattawa kai mai ido ɗaya, a ce me a gari? Na yi ta yi masa bayani cewa dafaffe ba ya mini amfani, cikin duk zai daskare ya yi fari. Ya ce in sha kurumina, zai yi wa mai gida magana. Mijina Toktosun kuwa cewa ya yi don Allah kar in ja masa abin kunya a gidan mutane.

Na koma cikin mata ina murza taliya, bayana na ta ciwo.

Da aka ajiye kan a gaban dattawa, ashe Shailo ya isar da saƙon iya yadda ya ga ya dace. Orozbek ya sa aka kira ni har shimfiɗar manya, inda ban taɓa zama ba. Ya ce matar nan ta koyar da 'ya'yansa, ga ta a kan jikoki, ba ta taɓa neman komai a gidansa ba sai yau. Ya sa wuƙa ya ƙwaƙulo idon, ya dahu luguf, ya raba biyu, ya ci rabi ya miƙo mini rabi.

"Karɓi, 'yata. Allah ya bar mu muna ganin juna."

Dattawa suka shafa. Toktosun sai washe baki yake yi. Girma ne wanda ko shugaban makarantarmu bai taɓa samu ba, kuma wallahi kuka nake son yi. Na tauna na haɗiye, da ƙyar ya wuce.

Lahadi na karaɗe gari da ƙafa, ba gidan da aka yi yanka.

Litinin na shiga aji hannu rabbana. Labari ya riga ni, samarin baya suna ta yi mini barka da cin ido. A kan teburin Kanishai akwai faranti daga gida da sabuwar reza a cikin takardarta. Ta dubi hannuwana, ta mayar da farantin da rezar jaka a hankali don kada su yi ƙara.

Na yi darasin har ƙarshe, ina yi ina satar kallonta. Da aka kusa buga ƙararrawa na kasa daurewa.

"Kanishai, ba ki da tambaya?"

"Babu, Malama," in ji ta, ta ci gaba da kwafar abin da ke allo.