Allurar Gwiwar Malam Lukmanu

Wata huɗu ke nan Malam Lukmanu yana sallah a zaune, tun da jijiyar gwiwarsa ta tsinke a matakalar ma'aikatarsu. Kewar sujada ta ishe shi. Da abokin aikinsa ya ba shi wata allura da ake kira feftayid, wai tana haɗa jijiya, sai ya kai wa 'yarsa Ikilima, ɗalibar harhaɗa magunguna.

Ta karanta takardar da ke cikin kwalin allurar. "Baba, a jikin ɓeraye aka gwada ta."

"Sun warke?"

"Sun warke. Amma ba su da hawan jini irin naka."

Ya tuntsire da dariya, ya haƙura da allurar. Kullum da safe takan lanƙwasa masa ƙafar yadda likita ya nuna, yana mita. A sati na bakwai da fara hakan, goshinsa ya taɓa darduma.