Gwangwanin Kafson Kaka

Tsakar gidan Kaka dogo ne, kuma kajinta goma sha ɗaya ne ke mulkinsa. Suna yawo inda suka ga dama, su yi ƙwai a tsohon kwando ko a bayan randa, wata rana har a kan kujerarta. Har yau in na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar dusa, can zuciyata take komawa.

Shekarar da na cika sha huɗu, yayata tana binciken kammala jami'a. Za ta kwatanta ƙwayoyin cutar da ke cikin kashin kaji iri biyu. Akwai na gonar Kawu, masu ƙwai a keji, da ake zuba wa magani a ruwa kusan kowane mako. Akwai kuma na Kaka, da kowa ya san daga dusa sai ƙwari suke ci.

Yaya ta zo da safar hannu da 'yan kwalabe, tana bin kaji a duƙe.

"Shekara huɗu a jami'a," in ji Kaka daga kan tabarma, "ashe kwasar kashi ake koya miki. Da kin yi magana ai da na koya miki a gida."

"Kaka, tsakaninki da Allah, ba ki taɓa ba su magani ba?"

"Ni? Ko hanyar likitan dabbobi ban sani ba."

Na ƙara tura fuskata cikin littafi.

Bayan mako biyu Yaya ta dawo gida idonta jajir. Ta nuna min hoto a waya: faranti cike da ƙwayoyin cuta, an ɗora masa 'yan fararen takardu masu ɗauke da magani.

"In maganin yana kashe su, za ki ga fili fes kewaye da takardar," ta ce. "Na Kawu ba fili, don ƙwayoyin sun saba da magani, wannan dama na zata. To dubi na Kaka."

Shi ma babu. Ƙwayoyin sun tsiro har jikin takardar, maganin ko gezau bai sa su yi ba. Malaminta ya ce cakuɗa kwalabe ta yi, kuma in ba ta kawo bayani ba kafin Litinin, sai ta sake aikin baɗi, abokan karatunta su fita su bar ta.

Ni na san bayanin. Duk lokacin da asibiti suka ba Kaka kafson tari, kwana biyu take sha, da ta ji sauƙi sai ta ɓoye sauran a gwangwanin madara a ƙarƙashin gado. In kaza ta yi laushi, ni take kira in buɗe mata kafson a kwanon ruwansu, don hannunta na rawa. Kuma ta sa na yi mata alkawari ba zan faɗa ba.

Kwana biyu na yi ina shirya maganar a raina. Ranar Asabar muka je gidan Kaka, ni da Yaya da Mama, na wuce ɗaki, na fito da gwangwanin na ajiye a gaban Yaya. Na koma gefe na tsaya.

Mama ce ta fara ganewa. "Inna! Ashe shi ya sa tarin nan ya ƙi barinki?"

"To zubarwa zan yi? Abu mai kyau?" Kaka ta juyo ta harare ni. "Ke kuma, mai shiru-shiru, ashe da baki."

Yaya ta zube gefenta tana dariya tana hawaye, ta hau tambayarta sau nawa, tun yaushe, tana rubutawa. Kaka na amsawa tana tsaki.

Ranar Litinin Yaya ta kai wa malaminta gwangwanin. Ya jujjuya shi, ya ce ta ƙara babi guda a kansa. Ta fita tare da 'yan ajinsu.

Ni kuwa kwana uku Kaka ba ta amsa gaisuwata ba. A na huɗu ina shara a ƙofar ɗakinta, ta ce ba tare da ta kalle ni ba, "Ajiye tsintsiyar nan, 'yar rahoto, zo ki sa min zare a allura."