Muryar da Ke Faɗuwa

"Ku tsaya," in ji Zaharaddin mai sitidiyo. Ya zare abin saurare daga kunnensa ya dangwarar a kan tebur. Karo na biyar ke nan.

Mata goma sha ɗaya suka katse waƙar cikin ɗakin da ko shida ya yi wa kaɗan. An kashe fanka don kada ƙararta ta shiga waƙar, gumi ya manne musu ankon a baya.

"Malama, akwai muryar da ke faɗuwa duk sa'ad da aka hau sama. Da ita ba zan iya haɗa aikin nan ba."

Malama Batula ba ta tambayi ko ta wace ce ba. Shekara goma sha huɗu ke nan da ta ajiye alli ta kafa ƙungiyar a Karofi, suna bin asibitoci ranar awo suna yi wa masu ciki waƙar kula da kai, kyauta. Yanzu wata ƙungiyar lafiya a Katsina ta ce a aiko da waƙa ɗaya kafin gobe Juma'a. In ta yi musu, za a sa ta a rediyo, a kuma ɗauki nauyin motarsu zuwa ƙauyukan Kurfi har shekara. In ba ta yi ba, su koma rera wa mata ashirin a kan benci.

Batula ta juya ta dubi Hajiya Mardiya, dillaliyar wake, wadda ta ɗinka musu ankon, ta kuma ɗauko hayar bas ɗin da ta kawo su Dutsin-Ma.

"Hajiya, ki ɗan fita ki sha iska."

"Ni?"

"Ke. Sayen atamfa daban, waƙa daban. Na daɗe ina kawar da kai saboda zumunci, yau ba ranar kara ba ce."

Hajiya Mardiya ta gyara mayafi a hankali. "Batula, ba aji kike ba, ni kuma ba 'yar firamare ba ce. Da ƙafa za ki koma Karofi in na fita?"

"Gara ƙafa da a ji akuya a rediyo."

Kande, ɗaya daga cikin 'yan amshi, ta yi dariya ta haɗiye. Rekiya, 'yar autarsu mai goyo, ta sunkuyar da kai kamar ita aka zaga.

"Hajiyoyi, ni da awa nake aiki," in ji Zaharaddin. "Makirfo biyu ne. Ɗaya na 'yan amshi, ɗaya na mai ba da waƙa. Bari ku ji kowanne shi kaɗai, faɗa ya ƙare."

Ya danna. Amshin ya fito daga lasifika sumul, murya goma kamar igiya ɗaya. Ta Hajiya Mardiya na ciki, kakkaura, ba daɗi, amma tana inda ya kamata.

Ya sake dannawa.

Ana cewa murya ba ta tsufa. Masu faɗin haka ba su taɓa jin tasu daga bakin inji ba. Abin da ya fito wata tsohuwa ce ke kokawa da numfashi, tana kai wa baitin hannu tana zamewa, tana rawa a ƙarshen kowace kalma. Sai da aka kai layin da Batula ta rubuta da hannunta a kan maganin ƙarin jini, sannan ta yarda muryarta ce.

"Injinka ne ya lalace," ta ce.

"Shi ya ɗauki tasu, Malama."

Ta dubi matan ɗaya bayan ɗaya. Babu wadda ta yi mamaki, abin da ya fi ci mata rai ke nan.

"Tun yaushe?"

Hajiya Mardiya ce ta amsa. "Tun daminar da kika yi tarin nan. Shekara uku. Kina tsammanin don nishaɗi muke ɗaga amshi har maƙogwaro ya yi ciwo? A asibitin Kurfi nas ta tambaye ni ko ba ki da lafiya."

"Kuma aka rasa mai gaya mini."

"Wa ke gaya miki magana? Kin taɓa barin wani ya kai aya?"

Zaharaddin ya duba agogo, ya ce da ƙarfe biyu wasu masu bege za su shigo.

Batula ta tsaya riƙe da makirfon. Hannunta bai yi rawa ba, ta lura da wannan, ta ji haushin a ce hannu ya fi murya amana. Ta miƙa wa Rekiya.

"Kwance goyon ki ba Kande. Kada ki ja baiti na uku, ba kukan mutuwa kike ba." Ta ɗauki jakarta, ta tsaya a bakin ƙofa. "Zan fita, amma da sharaɗi. Ita ma ta fito."

"Tawa ba ta faɗi ba, kowa ya ji."

"Ba ta faɗi ba don ba ta taɓa hawa ba. Ko mu fita tare, ko in ɗauke waƙata, ni na rubuta."

Matan suka zuba wa Hajiya Mardiya ido, wannan karon da roƙo. Ta yi tsaki, ta ture Kande da kafaɗa ta wuce.

Benci ɗaya ne a waje, rabinsa cikin rana. Suka zauna a bakinsa biyu, kowace ta ba 'yar'uwarta baya. Can sai muryar Rekiya ta ratso ƙyauren, siririya, ta hau inda ake faɗuwa ta zauna daram. Amshi ya karɓa.

Wani ɗan acaba da ya sauke fasinja ya kashe mashin ɗinsa, ya kasa kunne har aka gama baiti na biyu.

"Iya, su wane ne ke waƙar nan a ciki?"

"Ƙungiyata ce," suka ce a tare.