Surukar da Ke Neman Nas

Tun da hantsi Gwaggo ta kwashe kayan aikin Auta daga kan igiya ta cusa a ƙasan akwati. Uwar saurayin yarinyar ce za ta zo gaisuwa, kuma Gwaggo ba ta so baƙuwa ta fara cin karo da shuɗiyar rigar asibiti tun kafin ta zauna.

Tana da dalilinta. Ita ma nas ce kafin ta yi ritaya. Ranar da ta fara ɗora farar hula, yayanta ya daina jerawa da ita a hanya. Wanda ya so aurenta ya janye, wai uwarsa ba za ta haɗa kwano da mai kwashe kashin mutane, mai kwana a waje ba. Shi ya sa da Auta, 'yar ƙaninta da ta yi renonta, ta zaɓi aikin, Gwaggo ta san akwai ranar ƙin dillanci.

Baƙuwar ta zo tare da ƙanwarta. Suka zauna a falo, tsohuwar fanka tana ta ƙara. Bayan gaisuwa Gwaggo ta gyara murya.

"Yarinyar tana ɗan taɓa aiki a asibiti, amma tana da kamun kai. In ba ku so, ana iya..."

"Ba mu so?" Uwar saurayin ta dafe ƙirji. "Haba Yaya! Ai ni na ce masa in ba nas ba, kada ya kawo min kowa. Ga hawan jini, ga suga, ga gwiwa. Kuma an ce a ƙasashen waje rububinsu ake yi."

Gwaggo ta ƙura mata ido tana neman gatse. Ba ta samu ba. Duk ban haƙurin da ta tanada sai ya tashi a banza.

"Allah dai ya sa ba mai tsawa ba ce," in ji ƙanwar. "A haihuwata ta fari wata nas ta wanke ni tas, ba sabulu."

"Ke dai!" in ji uwar saurayin. "Lokacin annoba su wa suka tsaya? Har a talabijin aka yi ta yabonsu."

"Yanzu kuma rawa suke yi a waya da kayan aiki."

Suka kaure da musu. Gwaggo ta rasa bayan wa za ta bi, don ita ma ta yi tsawar a zamaninta, ta kuma tsaya kan masu ciwon da kowa ya guda. Sai da lemo ya malalo kan faranti ta gane kofin da ke cike take ƙara wa.

"Ke fa Yaya, wane aiki kika yi?" uwar saurayin ta tambaya.

Shekara da shekaru amsarta ita ce aikin gwamnati. Wannan karon, a hankali, ta ce, "Nas."

Matar ta yi shewa, ta naɗe hannun riga ta miƙo mata dantse. "Ashe gida na zo! Auna ni, don Allah."

Da yamma Auta ta dawo ƙafafu a kumbure, ta zube kan kujera. Gwaggo ta kwashe labari ta ba ta, tana jiran murna.

"Wato nas ɗin gida take nema kyauta," in ji Auta. "Ni kuwa yau ɗan'uwan wani majiyyaci ya kira ni 'yar aiken likita. Da majiyyacin ya farfaɗo kuma ya durƙusa yana sa min albarka. Gwaggo, in bar aikin nan ne?"

Da jiya ne, da Gwaggo ta ce mata ta bari.

"Tashi ki ci abinci tukuna," ta ce. "Kaina ya ɗaure."